Injin Kunnen Baba Ɗangiwa

Duk Tambuwal babu wanda bai san Na'Allah mai gyaran rediyo ba, kuma babu wanda ya taɓa kai masa rediyo sau biyu. Rumfarsa tana bakin tasha, da allo a sama an rubuta INJINIYA da jan fenti. In ka kai masa rediyon da ya ƙi kama tasha ɗaya, zai dawo maka da shi yana kama tasha uku a lokaci guda, ya ce ka gode wa Allah. Baki kuwa, wayyo! In ya fara ba ka labarin abin da zai ƙera baɗi, sai ka manta da abin da ya ɓata maka jiya.

To, wannan bawan Allah ne ya ɗora ido a kan Mu'minatu, wata bazawara 'yar Kebbe mai kawo man gyaɗa kasuwa, ya ji in ba ita ba sai rijiya. Ita ma ba ta ƙi shi ba, don yana ba ta dariya. Ranar da ya fito mata da maganar aure sai ta rufe galan ɗinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Injiniya, ni ban da ta cewa, sai abin da Baba ya ce. Amma in gaya maka, mutum uku sunka riga ka zuwa, kuma duk da sanda anka rako su."

Mahaifinta, Baba Ɗangiwa, shekara goma sha ɗaya ke nan da kunnuwansa suka toshe. Ko aradu ta faɗi, sai dai ya ga kaji sun watse. Idonsa kuwa garau, ba abin da ke wuce shi. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba zai ba da ɗiyarsa ba sai ya ji roƙon da kunnensa. Bai yarda da takarda ba, bai yarda da nuni da hannu ba, wai ɗiyarsa ba tunkiya ba ce da za a gama maganarta da yatsu. Ta biyu, duk wanda ya ga ya wage baki, jijiyar wuya ta tashi, to tsawa yake yi masa a cikin gidansa, kuma mara kunya ba ya zama surukinsa. In ka yi a hankali bai ji ba, in ka ɗaga murya ka sha sanda.

Na'Allah ya ji wannan ya kece da dariya har da buga cinya.

"Wanga shi na matsalar? Ki ba ni kwana bakwai. Wallahi sai Baba ya ji tafiyar tururuwa!"

Sirajo, ɗan ƙanen mahaifinsa mai kabu-kabu, ya ce ai akwai wani ɗan abu da ake samu a Sakkwato, a cusa a kunne, shi ke nan.

"In na kawo na Sakkwato, wa za a yaba? Sakkwato?" in ji Na'Allah. "Kai dai tsaya ka ga aiki."

Ya je gida ya jawo tsohon rediyon kakansa, na katako, wanda ɓeraye suka yi zuriya bakwai a ciki. Ya zaro 'yan kwalabe huɗu daga cikinsa, kowace kamar ƙwan fitila mai tsawo, da ɗan zare a tsakiya. Ya jera su a kan tebur yana shafawa. Na'iya mai waina, wadda rumfarta ke jikin tasa shekara tara ba su taɓa wuni ba su yi cacar baki ba, ta leƙo.

"Mi za ka yi da kwalaben turare?"

"Turare! Na'iya, jahilci bai yi ba. Wagga kwalba, in ta ji raɗa, sai ta mai da shi magana. Amma sai zaren cikinta ya ɗau ɗumi tukuna. In bai yi zafi ba, kurma ta, kamar Baba."

"To ka kawo in sa maka a tanda."

"Da wuta aka ɗuma ta, wutar lantarki! Bolt shida da ɗigo uku, ba ƙari ba ragi."

Kwana biyu yana lanƙwasa waya yana ɗiga dalma. Ya ɗaure kwalaben a kan faranti, ya haɗa makirfo ta nan, ya haɗa hedifon ta can, abin nan da ake kifawa a kunnuwa. Ya ta da janareto, ya zaunar da Sirajo a benci ya kifa masa. Zaren kwalaben ya yi ja a hankali. Na'Allah ya duƙa a makirfo ya raɗa, "Sirajo, kana ji na?"

Sirajo ya zaro ido.

"Jirgin sama nika ji!"

"Ban da jirgi, mi kaka ji?"

"Wani jirgin!"

Gunji ne kawai ke fita, buuuu, kamar an tura kan mutum cikin amya. Ko da aka cire masa hedifon gunjin bai bar shi ba. Ranar sau uku yana sauka daga titi da fasinja a baya, wai ya ba babbar mota hanya, alhali ko jaki babu. Fasinja na ƙarshe ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Wani zai ji kunya, amma ban da Na'Allah. Cewa ya yi da gangan ya yi, don mutane su ga bambanci. Ya tara masu jiran mota ya yi musu bayani: wutar janareto ba ta da natsuwa, kai-da-komowa take yi sau hamsin kafin ka ce uffan, kamar mai gudawa da ƙofar bayan gida. In ka ɗuma zaren da ita, wannan zirga-zirgar ce ke shiga cikin murya ta zama gunji. Abin da kwalba ke so shi ne wuta miƙaƙƙiya mai tafiya gaba kawai, irin ta batir.

Kafin Sirajo ya idar da sallar azahar, an kwance batirin babur ɗinsa. Batirin bolt goma sha biyu ne, kwalba kuwa shida take so, amma Injiniya ya ce ai kwalbar mutanen da ce, ta ci abinci mai kyau. Ya gwada a kan guda ɗaya. Ta yi haske fari fat, kyakkyawa ƙwarai, ta ce tas, ta yi baƙi.

"Barka da Salla!" in ji Na'iya.

"Dama ita ta raguwa cikinsu," in ji Na'Allah, yana share zufa. "Tantancewa nika yi."

Saura uku, kuma duk ƙasar babu inda zai samo wasu. Nan ya ɗan shiga taitayinsa. Ya tono wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku daga cikin tarkacensa, bai fi ƙwayar dabino ba, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. Sunansa regileta. Aikinsa gadi: ya tsaya tsakanin batir da kwalba, ya bar shida da ɗigo uku su wuce, ya riƙe sauran.

"In ya riƙe sauran, ina shika kai su?" in ji Sirajo.

"Ina ruwanka? Shi da cikinai."

Da ya tsaya a batirin babur, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Wai babban mutum kamar Baba Ɗangiwa ba a zuwa masa da batirin kabu-kabu. Ya je gareji ya aro na babbar mota, tagwaye, bolt ashirin da huɗu, mutum biyu suka kinkimo masa. Aka haɗa. Ashe sauran wutar da regileta ke riƙewa zafi take zama, kuma yanzu kusan goma sha takwas yake haɗiya. Na'Allah ya ɗora babban yatsa a kai don ya nuna wa jama'a lafiya lau ne. Ihun da ya yi har masu lodin Sakkwato suka waiwayo.

Ya ce abin sanyaya yake so. Ya ɗaura shi a murfin gwangwani, murfin ya yi zafi. Ya ɗaura a cokali, cokalin ya gagari taɓawa. Na'iya ta shiga gida ɗauko ƙullu, ta dawo ta tarar an huda gindin tukunyarta ta dalma, an ɗaure regileta da noti, an liƙe da sabulu, an cika ta da ruwa.

"Na'Allah! Tukunyar aurena!"

"Tarihi za ta shiga, Na'iya."

"Kai za ka shiga kabari! Wallahi duk inda tukunyar ga ta sa ƙafa, ƙafata ƙafarta."

Abin mamaki, sai ga inji ya yi. Aka kifa wa Sirajo, yana salati tun kafin a kunna. Babu gunji ko kaɗan, tsit kamar cikin rijiya. Daga nan sai ya fara murmushi. Ya ce yana jin wainar Na'iya tana cuwa a tanda. Yana jin ƙuda yana wanke hannu. Yana jin cikin wani direba yana kukan yunwa, ya ma nuna shi da yatsa, direban ya amsa laifinsa. Na'Allah ya hau benci yana juyi, yana cewa a kira 'yan jarida.

Yana kan bencin Sirajo ya ce, "Injiniya, kana nisa."

"Ga ni gabanka."

"Ka ƙara nisa. Ka kai Dogon Daji. Ka ɓace."

Zaren kwalaben ya dushe. Regileta in zafi ya kai masa wuya kashe kansa yake yi, sai ya huce ya dawo. Aka gwada sau uku da agogo: minti huɗu yana aiki, minti goma yana hutu. Sirajo ya ce a koma batirin babur, ko a ƙara kwana biyu a gyara.

"Minti fuɗu!" in ji Na'Allah. "Neman aure kalma nawa ta? 'Muna nema.' 'Na ba ku.' Ko minti guda bai kai ba. Sauran ukun ma kyauta na ba Baba, shi ji kukan tsuntsaye."

Ranar da aka sa, da hantsi, babura biyu suka kama hanyar Kebbe. Damina ce, hanyar duk rami da taɓo. A na gaba akwai Kawu Uthman, yayan mahaifin Na'Allah, wanda zai yi maganar neman. Dattijo ne da bai taɓa shan ruwa a tsaye ba, komai nasa sai ya bi ƙa'ida. Bayansa Na'iya, rungume da tukunyarta. A na Sirajo kuwa Na'Allah ne cikin sabuwar shadda, kwalabe a ƙirji an naɗe da zane, batir ɗaya a kan cinya, ɗaya a ɗaure a baya. Kowane rami suka faɗa sai ruwan batir ya ɗan fantsalo masa a wando, shi kuwa yana ta gyara hula.

A ƙofar gida Kawu Uthman ya tsaya cak.

"Kai ina za ka? Mai neman aure ba shi zama gaban suruki ranar tambaya. Koma bakin kasuwa ka jira."

"Kawu, in na tafi wa za shi tuƙa injin?"

Aka yi ta ja-in-ja, har Mu'minatu ta aiko da tabarma daga cikin gida. Aka rataye ta a kusurwar zaure, aka tura Na'Allah baya da baturansa da tukunya da kwalabe. Ya tsuguna a wurin kamar kaza a akurki, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu.

Baba Ɗangiwa ya fito da sandarsa, doguwa, ta gora, ta sha hannu har tana sheƙi. Ya zauna a buzu. Mu'minatu ta riga ta lallashe shi da nuni, don haka ya bari Sirajo ya kifa masa hedifon a kan hula. Ya hangi kusurwa, ya yi tambaya da irin muryar kurame, wadda ake ji har bayan gari.

"Ƙafafun wa nika gani?"

Sirajo ya nuna waya, ya nuna kunne.

"Af, mai injin na? Ya ɓoye don kunya? Allah shi yi mai albarka. Irin su sun yi ƙaranci."

Bayan tabarma Na'Allah ya kumbura kamar zai fashe. Ya haɗa waya. Zare ya fara ja. Zauren ya yi tsit, maƙwabta biyar-shida da suka leƙo kowa ya riƙe numfashi. Can sai Baba ya ɗaga kai a hankali, ya karkata wajen ƙofa.

"Kurciya," ya ce. "Subhanallahi. Kurciya ta, bisa darbejiya."

Na'Allah ya turo hannu ta gefen tabarma yana yi wa Kawu alamar ya yi maza. Kawu Uthman ya gyara babbar riga, ya matso ga makirfo, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu!" Baba ya amsa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. "Sake yi, don Allah."

Kawu ya sake.

"Kun zo lafiya? Ina gajiya? Ina hanya? Ina iyali? Ina damina? Gero ya yi kai wajenku? Ina shanu? Ina ƙafa, na ga kana ɗingishi?"

Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya bai ji an ce masa "lafiya lau" ba, ai ba ka ce ya gaisa a gurguje ba. Kowace tambaya sai ya jira amsa, ya lumshe ido ya ɗanɗana ta, sannan ya jefo wata. Kawu kuwa ba a yi masa gaisuwa ya bar ta a ƙasa. Duk wadda aka ba shi sai ya mayar da irinta har da ƙari. Da aka zo kan "kai ɗan wa ne a Tambuwal", ashe Baba ya san mahaifin Kawu, sun taɓa kwana rumfa ɗaya a kasuwar shanu. Aka yi wa mamaci addu'a. Aka shafa.

"To, madalla," in ji Kawu. "Abin da ke tafe da mu…"

"Uthman, kana nisa," in ji Baba. "Uthman? Bakinka na motsi, ba ka cewa komi."

Bayan tabarma aka ji wani abu kamar kukan akuya. Na'Allah ne.

Aka shiga fifita. Na'iya ta kwashe ruwan ɗumi daga tukunya, aka kawo na randa. Sirajo ya cire hula yana kaɗawa. Na'Allah ya leƙo da rabin fuska.

"Kawu, don girman Allah, in ya dawo ka tafi kai tsaye."

"Ka koya mini magana? Tun ba a haife ka ba nika neman aure wa mutane."

Minti goma suka cika, zare ya yi ja, Baba ya yi firgigit.

"Af! Kun dawo? Sannunku da zuwa! Ina gajiya?"

Kawu ya buɗe baki, ya rufe, ya dubi tabarma, ya dubi Baba. Wallahi ya yi ƙoƙari, an ga gemunsa yana rawa. Amma jini ba ya ƙarya.

"Babu gajiya. Mun same ku lafiya?"

Suna tsakiyar iyali sai ga limamin unguwa ya yi sallama, ya ji labari. Aka koma farko. Bayan liman ga mai unguwa. Bayan mai unguwa ga wanzami. Zare ya dushe a kan "ina aiki" na wanzami.

Kafin zagaye na uku, duk unguwar ta ji cewa Baba Ɗangiwa yana ji. Layi ya miƙe daga zaure har gindin darbejiya, tsofaffi da sanduna, mata da mayafai, kowa yana da gaisuwar shekara goma sha ɗaya a baki. Sirajo ya tsaya a ƙofa yana tare mutane, wata tsohuwa ta make shi da carbi ta wuce. Injin na dawowa Baba ya ɗaga hannu.

"Jama'a, shekara shida da rasuwar mai ɗakina. Kun zo kun yi mini ta'aziyya, na ga bakunanku, amma ban ji ba. Ku sake."

Wa zai ce a'a? Aka sake ta'aziyya daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Liman ya ja addu'a doguwa, jama'a na amin, Na'Allah ma na amin a bayan tabarma, hawaye na zuba, kowa ya ɗauka na tausayi ne.

Ana cikin haka zare ya sake dushewa, sabulun gindin tukunya ya narke, ruwa ya tsiyaye ya bi ƙarƙashin tabarma ya jiƙa rigar mai unguwa. Na'iya ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan tukunyarta kamar an yi mata mutuwa. Hadari kuma ya haɗo daga gabas. Kawu ya dubi sama ya ce in ruwan nan ya sauko rafi zai cika, ba mai komawa Tambuwal yau. Zagaye ɗaya ya rage, in an yi an yi.

Sirajo ya ruga kasuwa ya dawo da ƙanƙara daga wurin mai lemo, aka danna a tukunya. Liman da kansa ya tsaya a ƙofa ya hana kowa shiga. Aka sa Kawu ya yi rantsuwa ba zai amsa gaisuwa ba, ya yi, yana kallon ƙasa kamar wanda aka sa shi sata. Zare ya yi ja.

"Malam Ɗangiwa," in ji Kawu da sauri, "mun zo na…"

"Dakata," in ji Baba. Muryarsa ta sauka, don yanzu yana jin kansa. "Na lura abin ga ba shi daɗewa. Ku kira mini Mu'minatu."

Ta zo bakin ƙofar cikin gida ta durƙusa, mayafi ya rufe rabin fuska. Sirajo ya miƙa mata makirfo.

"Baba, ina wuni."

Tsohon ya rufe ido.

"Sake faɗi."

"Ina wuni, Baba."

"Sake."

Ta sake. Hawaye ya bi gemun Baba ya ɗiga a buzu.

"Muryar uwarki ta sak. Ashe haka kika koma. Yi ta magana, ɗiyata, faɗi komi. Faɗi abin da kunka dafa."

Ta ce tuwon dawa ne da miyar kuka. Ya ce da man shanu? Ta ce da man shanu. Na'iya da bakinta ba ya mutuwa tana share ido da gefen zane. Kawu Uthman ya sunkuyar da kai, ko da wuƙa aka ɗora masa ba zai katse wannan ba. Mutum ɗaya ne kawai ke kallon agogo, yana jin ƙaurin regileta na tashi. Mu'minatu na cikin ba da labarin akuyar da ta haifi uku, zare ya dushe.

Kawu ya miƙe ya kaɗe riga.

"Alhamdu lillahi. Yau an yi abin alheri. Maganarmu sai wani zuwan."

Wani zuwan? Da Na'Allah ya haƙura, da ya koma gida ya sa batirin babur, ya dawo sati mai zuwa ya samu mata cikin ruwan sanyi, don a wannan lokacin ko gonarsa ya roƙa Baba zai ba shi. Kowa a zauren ya san haka. Amma an taru, an ga injinsa ya mutu sau huɗu, kuma ya ji wani a waje yana cewa, "Ai dama na Tambuwal ne." Nan kansa ya ɗau zafi ya fi na regileta.

"Ba inda za a!" ya daka daga bayan tabarma. "Mai gadin ga shi ka hana ruwa gudu. Na sallame shi!"

"Injiniya, kar ka…" in ji Sirajo.

Ya fizge regileta daga gindin tukunya, ya kama wayar batura ya danna kai tsaye a kan kwalabe, bolt ashirin da huɗu a wurin shida. Kusurwar zauren ta haske fari fat, har inuwarsa ta fito a jikin tabarma. Ya yi tsalle ya fito, tabarma ta faɗo kan liman da ya dawo ciki, ya warce makirfo daga hannun Mu'minatu. A bayansa aka ji tas, tas, tas, amma shi bai ji ba.

Sai a lokacin jama'a suka ga aikin ruwan batir. Tun safe yake cin shadda a ɓoye; da ya yi tsallen nan sai wandon ya zube daga cinya zuwa gwiwa, ya bar zariya da 'yan tsummoki suna lilo. Mata suka ja mayafi. Shi ko a jikinsa. Ya durƙusa gaban Baba, ya riƙe mataccen makirfo da hannu biyu, ya ga tsohon bai motsa ba, ya ƙara murya, ya ƙara, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyar guga.

"BABA! NI NA NA'ALLAH! MU'MINATU NIKA SO! KA BA NI! BABA, KA JI?"

An ji shi har kasuwa. Jakuna sun amsa. Mutum ɗaya ne a Kebbe bai ji ba.

Baba Ɗangiwa ya cire hedifon a hankali, ya ajiye a buzu. Ya dubi wagegen baki, ya dubi wuya, ya dubi abin da ya rage na wando. Ya laluba sandarsa.

"Wane mahaukaci na wanga? Daga ina ya faɗo? Ni za ka yi wa tsawa, cikin zaurena, gaban ɗiyata, ba wando?"

Zaure ya rikice. Kowa yana so ya yi bayani, ba wanda ya isa ya buɗe baki da ƙarfi. Sirajo ya nuna Na'Allah, ya nuna inji. Kawu ya nuna Na'Allah, ya nuna inji. Liman ya fito daga ƙarƙashin tabarma ya nuna. Har Na'iya ta ɗaga hudajjiyar tukunyarta tana nuna shi da ita. Mu'minatu ta kama hannun mahaifinta ta juya shi wajen kwalabe uku da suka yi baƙi ƙirin suna hayaƙi, sannan ta nuna Na'Allah.

Baba ya dubi kwalaben, ya dubi yatsun da duk suka taru a kan mutum ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Na gane, ba sai kun wahala ba. Shi ya ɓata shi."

Sandar farko ta sauka a kafaɗa, ta biyu a inda wando ya kamata ya tare. Na'Allah ya fita zauren da gudu, layin masu gaisuwa ya dare masa hanya, yayyafi na fara sauka. Baba ya biyo shi har bakin ƙofa yana haki, ya tsaya ya juyo ga Kawu Uthman.

"Uthman, ka nemo mini yaron kirkin nan mai kunya, mai injin, wanda wanga ɗan iska ya kora. Ka ce shi gyara abinai shi dawo. In aure shika so, shi faɗa mini a kunne, ga Mu'minatu. Wancan kuwa, na riƙe fuskarshi. In ya sake tako ƙofar gidan ga, sai na karya mai ƙafa."